Injiniya a ɗakin likitan ƙashi: amsa ga mai son binciken kafaɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanta injiniyan kanikanci, na gama bautar ƙasa a nan Legas, ina zaune a Agege wurin kawuna. Kawun nawa ya shekara fiye da ashirin yana dako a kasuwar Mile 12 kafin Allah ya ba shi rumfarsa, yanzu ba ya iya ɗaga hannun dama ya sa hula sai ya tallafa da na hagu. A wajen rakiyarsa asibiti na ji cewa akwai injiniyoyin da aikinsu binciken gaɓoɓin jiki ne. Mene ne ainihin aikin? Sai na koma na karanta likitanci? Kuma ana cin abinci da shi a Najeriya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba Kawu lafiya.

Bari in fara cire maka fargabar komawa aji ɗaya. Ba sai ka karanta likitanci ba. Ni da nake ba ka amsa ban taɓa sa wuƙa a jikin mai rai ba, kuma shekaruna na aiki duk a kan kafaɗa suka tafi. Sunan fannin bayomekaniks, wato nazarin ƙarfi da motsi a jikin mai rai, kuma jarinsa shi ne darussan nan da ka yi a aji biyu da aji uku kana ganin ba za su amfane ka ba: lissafin daidaiton ƙarfi, da juriyar kayan aiki, da yadda ƙarfe ke gajiya idan aka yi ta lanƙwasa shi. Wanda ake yi wa kallon kakan fannin ma, Giovanni Borelli na Italiya, malamin lissafi ne, kuma littafinsa kan motsin dabbobi ya fara fitowa a 1680. Shi ya nuna cewa tsoka tana ja da ƙarfin da ya ninka nauyin abin da take ɗagawa sau da yawa.

Abin da ya sa kafaɗa ta fi sauran gaɓoɓi ba injiniya aiki yana cikin ƙirarta. Ƙugu kamar taɓarya ne a cikin turmi, rami mai zurfi ya riƙe kan ƙashin cinya. Kafaɗa kuwa kamar ka ɗora lemo a kan marfin kwalba ne. Kan ƙashin damtse babba ne, gurbin da yake zama a jikin allon kafaɗa ƙarami ne kuma marar zurfi, abin da ke taɓa gurbin a kowane lokaci bai wuce kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na kan ba. Akwai wani leɓe na guringuntsi da ya zagaye bakin gurbin ya ɗan ƙara masa zurfi, amma ainihin abin da ke hana lemon gangarowa tsokoki huɗu ne da suka taso daga allon kafaɗa suka yi wa kan ƙashin ƙawanya, suna danna shi cikin gurbinsa duk inda hannu ya nufa. Da wannan ƙira ce kake iya kai hannu bayanka ka sosa, ka yi jifa, ka ɗaga tulu sama. Farashin da muke biya shi ne, a cikin manyan gaɓoɓi babu wadda ta kai kafaɗa yawan gocewa.

Ka san jigo, wanda masu lambu ke ɗebo ruwa da shi a fadama? Hannunka jigo ne da aka kafa a baibai. Ka miƙe hannu gefe riƙe da bokiti mai kilo 5. Daga kafaɗa zuwa tafin hannu kamar santimita 60 ne. Babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa kuwa tana ja ne daga nisan da bai wuce santimita 3 ba daga tsakiyar juyawar gaɓar. Raba 60 da 3, ka samu 20. Ke nan don wannan ɗan bokitin kaɗai tsoka za ta ja abin da ya kai kilo 100, ba a ma sa nauyin hannun kansa ba, kuma mafi yawan wannan ƙarfi a kan ɗan marfin kwalbar nan yake sauka. A 1978 Poppen da Walker a Amurka sun lissafa cewa ɗaga hannu kawai zuwa daidai kafaɗa, ba a riƙe komai ba, yana ɗora wa gaɓar kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin jiki. An shekara kusan talatin ana dogaro da lissafi irin wannan, sai ƙungiyar Georg Bergmann a Barlin ta ƙera kafaɗar ƙarfe mai na'urar awo a cikinta, aka dasa wa marasa lafiyar da dama suna buƙatar dashen, na'urar tana aiko da lambobi ta iska. Aka ga a ayyukan gida na yau da kullum ƙarfin yana kai nauyin jiki, har ya wuce. Yanzu ka tuna Kawu da buhun albasa, daga ƙasa zuwa ka, sau nawa a yini, shekara ashirin.

To, aikin kansa. Idan ka taƙaita shi, likita ne zai zo da tambayar da ta dame shi a ɗakin tiyata, kai kuma ka mayar da ita abin da za a iya aunawa. Wane ɗinki ne ya fi riƙe jijiyar da ta yage? Ƙashi nawa ne zai gutsure kafin gyaran da aka saba ya daina aiki? Amsar ba ta fitowa daga muhawara, sai an auna.

Wani awon a kan gawa ake yinsa, kuma gara ka ji wannan tun yanzu. Ana kawo kafaɗar mutumin da ya yi wasiyya da jikinsa don ilimi, a daskare, a narkar da ita cikin dare, a feɗe fata da kitse, a ɗaure allon kafaɗa a jikin ƙarfe, a ɗinka igiyoyi a jijiyoyin tsokokin nan, a rataya musu nauyi ko a haɗa su da injin ja irin na Instron, wanda ka sani a ɗakin gwajin ƙarfe. Sai a motsa hannun ana auna yadda kan ƙashin ke zamewa, milimita bayan milimita. Ranar farko da na shiga irin wannan ɗaki ban iya cin abincin dare ba. Daga baya na saba da aikin, amma ban yarda na saba da mutumin ba, kullum nakan tuna kafaɗar wani ce da ta yi goyo ta yi noma. Gawar da aka sa wa maganin hana ruɓewa, irin wadda ɗaliban likitanci ke koyo da ita, ba ta yin wannan aiki, don maganin yana sandarar da nama. Sai ɗanya da aka daskarar. A ƙasarmu kuwa mutane ba sa ba da jikinsu, ga kuma matsalar wutar lantarki. Na taɓa yin asarar kafaɗun tumaki na wata guda saboda an ɗauke wuta ranar Juma'a da yamma, janareta bai tashi ba, ban dawo ba sai Litinin. Warin ne ya tarbe ni tun daga matakala.

Tunda na ambaci tumaki: jijiyar bayan kafaɗar tunkiya ana yawan gwada ɗinki da ita a duniya, don girmanta ya yi kusa da ta mutum, kuma kai da ke Agege mayankar Oko-Oba tana bayan gidanku. Sai dai tunkiya a kan hannayenta take tafiya, ba ta ɗaga su sama, don haka ba kowace tambaya take amsawa ba. Louis Soslowsky da abokan aikinsa sun duba dabbobi iri 33 a 1996 suna neman wadda kafaɗarta ta fi kama da tamu, sai ga shi ɓera ne ya ci, domin shi ma jijiyarsa tana wucewa ƙarƙashin wata rumfar ƙashi kamar tamu. Mutum ya yi digiri uku ya ƙare a ɗinkin jijiyar ɓera da madubin ƙara girma. Haka aikin yake.

Wani awon kuma a kwamfuta ne, ka gina kafaɗa da lissafi, ka sa mata tsokoki, ka tambaye ta abin da ba za ka iya tambayar mai rai ba. Frans van der Helm na jami'ar Delft a Holan ya fitar da shahararren samfurinsa a 1994, kuma tun 2007 jami'ar Stanford ta saki manhajar OpenSim kyauta, yau da dare ma kana iya sauke ta. Awo a jikin mai rai shi ya fi wahala, saboda allon kafaɗa yana zamewa ne a ƙarƙashin fata. Ka manna alama a fata, ƙashi ya tafi ya bar ta. Tun 1944 Verne Inman da abokansa suka nuna cewa idan ka ɗaga hannu sama, kusan kashi biyu na motsin daga gaɓar yake, kashi ɗaya daga juyawar allon kafaɗa, amma har yau auna wannan allo daidai ba tare da an soka ƙusa a ƙashi ko an haska mutum da na'urar hoto ba yana ba mutane ciwon kai.

Ga labarin da nakan ba ɗalibaina don su ga inda lambar injiniya ke zuwa. Saurayi ya goce kafaɗa, an mayar, ta sake gocewa, ta sake. Gyaran da aka saba shi ne a ɗinke leɓen guringuntsin nan da ya ɓalle. Wasu suna warkewa, wasu kafaɗar tana sake fita, kuma an lura cewa masu sake fitar galibi gefen gurbin nasu ya gutsure. Amma gutsurewa nawa? A ɗakin gwaji na asibitin Mayo a Amurka, wani likitan ƙashi ɗan Japan, Eiji Itoi, ya yi aiki da Kai-Nan An, wanda injiniyan kanikanci ne kamarka, ya kuma shafe shekaru masu yawa yana jagorantar wannan ɗaki. Suka riƙa yanke gefen gurbin a kafaɗun gawa kaɗan-kaɗan, suna yin ɗinkin, suna auna ƙarfin da zai fitar da kan. A 2000 suka buga cewa idan abin da ya tafi ya kai kashi 21 cikin 100 na tsawon gurbin, ɗinki kaɗai ba ya riƙewa. A shekarar kuma wasu likitoci biyu, Burkhart da De Beer, suka duba marasa lafiyarsu, suka ga cikin masu babbar gutsurewa kashi 67 cikin 100 kafaɗar ta sake fita, cikin marasa ita kashi 4 ne kacal. Yau likita yakan auna gurbin a hoto kafin ya shiga tiyata, in ya ga ƙashi ya tafi da yawa sai ya dasa wani guntun ƙashi a wurin, aikin da Latarjet na Faransa ya bayyana tun 1954. An ci gaba da gardama kan lambar, wasu sun ce ta fi haka ƙanƙanta, amma gardamar yanzu a kan awo ake yinta. Wanda aka yi wa aikin ba zai taɓa jin sunan injiniyan ba. In kana son a riƙa gode maka a bakin asibiti, wannan ba hanyarka ba ce.

Haka nan dashen kafaɗa. Wani likita mai suna Péan ya gwada a Faris tun 1893 da roba da farin ƙarfe mai daraja, bayan kamar shekara biyu aka cire. Charles Neer a Niyok ya kawo wanda ya yi aiki a shekarun 1950. Amma duk wanda tsokokin ƙawanyarsa suka mutu, dashen ba ya ba shi ɗaga hannu, don babu mai danna lemon a marfinsa. Paul Grammont a garin Dijon na Faransa, a 1985, ya juya abin: ya sa ƙwallon a jikin allon kafaɗa, gurbin kuma a kan ƙashin damtse. Tsakiyar juyawa ta matsa ciki ta sauka ƙasa, hannun jigon babbar tsokar ya ƙara tsawo, sai ta iya ɗaga hannu ita kaɗai. Lissafin aji biyu ne tsantsa. Amurka ba ta amince da shi ba sai 2003.

Kada in sa ka ɗauka kanikanci ya gama bayanin komai, don mu ma mun sha kunya. Neer ya koyar a 1972 cewa rumfar ƙashin da ke saman kafaɗa ce ke gurzar jijiya, a kankare ta ciwo ya tafi. Bayani ne mai daɗin ji ga injiniya, an kuma yi wa dubban mutane aikin. A 2018 aka buga gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Birtaniya ɗaya a Finlan, inda aka kankare wa wasu, wasu kuma aka zura musu kyamara kawai aka fito ba su sani ba. Bambancin bai taka kara ya karya ba. A Japan an duba mutanen wani ƙauye su 683 da na'urar hoto mai amfani da sauti, aka samu kusan kafaɗa ɗaya cikin biyar da yagewar jijiya, da yawansu ba sa jin komai. A St. Louis ta Amurka kuma, a 2004, Leesa Galatz da abokanta sun bi mutum 18 da aka ɗinke musu babbar yagewa, 17 ɗinkin ya sake buɗewa, amma galibinsu suka ce ciwo ya yi sauƙi. Me ya sa wata yagewar ke ciwo wata ba ta yi? Me ya sa jijiya ba ta son komawa jikin ƙashi? A ganina nan ne aikin shekaru ashirin masu zuwa yake, kuma injiniyan da ya raina ilimin ƙwayoyin halitta zai tsaya a bakin ƙofa.

Hanyar shiga ba ɓoyayya ba ce. Digiri na biyu a injiniyan kayan lafiya, Jami'ar Legas tana da sashen, sannan digiri na uku, wanda yakan ci shekara uku zuwa biyar, sannan wasu shekaru kana aiki ƙarƙashin wani kafin ka tsaya da ƙafarka. Don manyan na'urori, gaskiya sai ka leƙa waje: jami'ar Strathclyde a Glasgow, Delft, Barlin, ko Kef Tawun a Afirka ta Kudu wadda ta fi kusa. Akwai tallafin Commonwealth da na DAAD na Jamus, a da kuma masu koyarwa a jami'ar gwamnati suna samun na TETFund don karatun waje. Kafin nan ka koyi yaren kwamfuta na Python sosai, ka koyi ilimin ƙididdiga fiye da yadda kake zaton kana buƙata, ka haddace sassan kafaɗa har likita ya yi magana ba ka ce ya maimaita ba. Wannan na ƙarshen shi ne injiniyoyi suka fi yi wa kasala, shi ne kuma ke sa likitoci su daina ɗaukar wayarsu.

Abin da ya fi takardar shaida muhimmanci shi ne ka samu likita ɗaya mai tambaya. Kana zaune a garin da ke da Asibitin Ƙashi na Igbobi da asibitin koyarwa na Idi-Araba. Ka nemi izini ta hanyar da ta dace, ka zauna a taron da suke duba hotunan marasa lafiya, ka yi shiru wata uku kana rubutu. Za ka ji wani ya ce, wannan farantin kullum a nan yake karyewa, ban san dalili ba. To ka samu aikin digirinka. Masu gashin ƙashi ma kada ka wuce su, sun fi kowa daɗewa da marar lafiya, hannunsu ya san abin da hoto bai nuna ba.

Batun abinci kuwa, ba zan yi maka zaƙin baki ba. A Najeriya kusan kujera ɗaya ce, koyarwa a jami'a, albashinta kuma ka sani. Abokanka da suka shiga kamfanonin mai za su riga ka yin mota da shekaru. Kamfanonin da ke ƙera ƙarafan dashe, masu ɗaukar irinmu da yawa, suna waje. DePuy da Zimmer duk a wani ɗan gari suke mai suna Warsaw a jihar Indiyana, na farkon tun 1895. Mu nan kusan duk abin da ake sa wa mutum a ƙashi shigo da shi ake yi, aikin da wakilansu ke bayarwa kuma na talla ne da tsayawa kusa da likita a nuna masa kayan aiki. Ba laifi ba ne, ana samu, amma ba bincike ba ne. Da yawa daga cikin waɗanda muka fita karatu tare ba su dawo ba, ban kuma ga laifinsu ba.

Abin da ya dawo da ni shi ne tambayoyin da ke yawo a titin Legas ba mai ɗauka. Kusan duk lambobin da na kawo maka daga jikin Turawa da Japanawa aka samo su, galibi tsofaffi. Ina kafaɗar ɗan dako, da mai tura kurar ruwa da jarka goma sha biyu, da mahaucin da ke saɓa cinyar sa? A 1986 an buga wani bincike kan matan Luo da Kikuyu a Kenya, aka ga suna ɗaukar kaya a ka har kashi 20 cikin 100 na nauyinsu ba tare da jikinsu ya ƙara ƙona kuzari ba. Wannan tafiyar ce da kayan. Ni abin da ke raina shi ne ɗagawar da saukewar, sakan biyun nan da buhu ke barin ƙasa ya hau gammo. Ga masu sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu: jini yakan yanke wa kan ƙashi ya mutu ya rufta, bayan ƙugu kuwa kafaɗa ce ta biyu, kuma matasa ne, ƙarfen da aka ƙera don ɗan shekara saba'in za a sa wa ɗan ashirin da biyar. Ga kuma wanda ya faɗo daga babur kafaɗa ta goce, aka kai shi wurin mai ɗori aka ɗaure, bai zo asibiti ba sai bayan wata huɗu, kan ƙashin ya riga ya yi wa kansa sabon wurin zama. Likitocinmu suna ganin irin wannan fiye da takwarorinsu na Turai, amma ba a cika aunawa a rubuta ba. Farkon irin wannan aiki ba ya buƙatar ɗakin kyamarori na miliyoyi. Waya biyu a kan sanda, sikeli, manhajar Kinovea ta kyauta mai auna motsi a bidiyo, izinin kwamitin ɗa'a, da yardar shugabannin 'yan dako. Kai kana da abin da baƙon mai bincike ba zai samu ba, za ka tsuguna ka yi musu bayani da Hausa, kuma ɗan gida ne kai saboda Kawu.

Shi kuwa Kawu, ba ni da hurumin faɗin ciwonsa daga nesa, amma ga abin da za ka lura da shi kafin ku koma asibiti. Ka sa ya saki hannun gaba ɗaya, kai ka ɗaga masa a hankali. Idan hannun ya tafi sama a hannunka amma shi ba ya iya kai shi da kansa, hankalin likita zai fi karkata ga yagewar jijiya. Idan kuwa ya cije ko kai ne ke ɗagawa, to ko sandarewar kafaɗa ce ko gaɓar ce ta cinye, sandarewar kuma tana yawan tafiya da ciwon suga, sai a gwada jininsa. Ka tambaye shi ko yana jin ciwon yana sauka har yatsu ko suna yi masa dindiris, don wanda ya shekara ashirin da kaya a ka, wuyansa ma abin dubawa ne. Hoton sauti ya fi na babban injin maganaɗisu, wato MRI, araha nesa ba kusa ba, kuma a hannun gwani yana nuna cikakkiyar yagewa. Kada a bari kowa ya fizgi hannun da sunan gyara.

Ka tsayar da shi jikin bango, ka ɗauki hotonsa daga gaba yana ɗaga hannun iya ƙarfinsa, dama da hagu, ka auna kusurwar, ka rubuta da kwanan wata. Ka maimaita duk sati biyu, a wuri ɗaya, wayar a tsayi ɗaya. Ranar ganin likita ka tafi da takardar.